Idan Jirgi Ya Kife, Ki Saki Zanen

Gaya, ƙarshen damina.

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga mai tafiya Tunuga.

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, a kan tudu, ƙafarki a bushe. Allah ya tsare ki a gidan da za ki kwana, ya tsare ki a wurin aiki, ya tsare ki a tsakaninsu, don tsakanin nan ne ya hana ni sukuni.

Ni ce uwarki ke magana. Hannun da ke rubutu kuwa naki ne, tunda duk gidan nan ke kaɗai kika yi lakkol, karatun boko ke nan. Na san abin dariya ne ki zauna a bayana kina rubuta wa kanki wasiƙa. To yaya zan yi? Ke ce 'yar fari. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na dubi idonki na yi miki doguwar magana ba, kuma ba yau zan fara ba a ce na zubar da kunya. Amma takarda ba ta da ido. Ni zan yi ta tsintar shinkafata ina magana da bango, ke ki rubuta. In kin isa can ki buɗe ki karanta kamar daga nesa ta zo.

(Ni Rakiya, mai rubutu. Yadda ta faɗa haka nake sawa. Duk abin da ke cikin baka biyu irin wannan nawa ne, Inna ba ta san na ƙara ba. Ban ma sani ba ko ya halatta mutum ya sa baki a wasiƙar da aka aiko masa.)

Tun da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu ake ta buɗe lakkol a ƙauyuka, ga shi an ce ki je ki taya mushen Tunuga, wato malamin lakkol ɗin can, koyar da ƙananan yara. Na yi murna, ko da ba ki gani a fuskata ba. Sai dai gidan gwaggonki, inda za ki zauna, yana tsallaken wani hannun kogi. Idan ruwa ya cika, safe da yamma sai da jirgi. Ke kuwa ba ki iya iyo ba, don ni na hana ki zuwa kogi tun kina rarrafe. Amma ba rashin iyon ne ya fi damuna ba. Matuƙa sun saba ciro wanda bai iya iyo ba. Kunyarki nake tsoro. Ke da in baƙo ya yi sallama sai ki shige bayan rumbu. Abu ɗaya nake nema a wurinki, kuma zan faɗe shi tun yanzu don kada ya ɓace a cikin surutuna: idan jirgi ya kife, ki saki zanenki ya tafi. Sauran maganar duk hanya ce ta zuwa nan.

Zan fara da zuma, ko da yake ban tabbata nan ne farkon ba. Ina ƙarama a Tanda, uwata tana da ɗan tulun zuma da take ɓoyewa a bayan gado. Wata rana na leƙa, ɗan kunnena ya zame ya faɗa ciki. Na tsaya ina kallonsa. Bai nutse ba, bai kuma tsaya ba, yana sauka a hankali kamar tsohuwa a gangara. Da na sa yatsu biyu a natse da na ɗauko abina. Sai tsoro ya kama ni, na cusa hannu da ƙarfi, na fizgo da ƙarfi. Zumar ta riƙe hannun, tulun ya biyo ni, ya faɗi ya fashe. Uwata ta shigo ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Wa ya gaya miki ana kokawa da zuma? Ko ludayi lallashinta yake yi."

Na riƙe wannan magana da kyau. Bayan 'yan watanni aka zo da ni Gaya ziyara, ina wanke fuska a bakin kogi, ɗan kunnen nan dai ya sake zamewa. Na ce yau ba zan yi gaggawa ba. Na miƙa yatsu biyu a natse. Kafin su taɓa ruwa ya ɓace. Na koma na gaya wa uwata na yi yadda ta koya mini. Ta ce, "Allah ya ba ki hankali, ni dai na gaji."

Ɗan kunne ɗaya ne, nauyinsa bai sake ba. Abin da ya faɗa ciki ne ya bambanta. Kuma zumar nan da ta riƙe ni, da bazara ce da ba ta riƙe ni haka ba, don zafi yana sake ta, kamar yadda yake sake man kaɗe har ya zuba kamar ruwa. To shawarata ta farko: kafin ki yi motsi, ki san cikin me kika faɗa.

(Mushen lakkol ɗinmu ya taɓa nuna mana wannan. Ya jefa ƙwallon gilashi a kwalbar ruwa, ya jefa wani a kwalbar man gyaɗa, na cikin man ya makara. Ya rubuta wata kalmar Faransanci a allo. Na kwafa, amma hankalina yana kan littafin da ke ƙarƙashin tebur, inda jirgin saurayin ya tashi ba a yi sallama ba. Kalmar tana cikin kayena, wato littafin rubutuna, har yau, ma'anarta ba ta cikin kaina.)

Na biyu, filafili. Da aka kawo ni gidan nan, gonar shinkafarsu tana tsallake, dole na koyi tuƙi. Gwaggonki, wannan da za ki zauna wurinta, ita aka ba ni ta koya mini, lokacin tana budurwa mai bakin tsiya. Na so in burge dangin miji. Na kama filafili na yi ta dukan ruwa da sauri da sauri. Ruwan da nake zubawa a randa kullum, mai laushi, sai ya zama kamar bango. Kafaɗata ta mutu, jirgi yana ta juyawa a wuri ɗaya. Ta kwanta a gaban jirgi tana dariya, ta ce, "Matar yaya, tuƙi kike ko daka? In daka ce bari in kawo miki gero."

Da ta gama dariyarta ta ce in sa hannu a ruwa in ja a hankali. Ban ji komai ba. Ta ce in ƙara sauri. Sai na ji ana turo ni. Ta ce in ninka saurin. Na zaci turin ma ninkawa zai yi, ashe ya wuce nan nesa, har yatsuna suka lanƙwashe. Sannan ta ce in juya tafin, in yanka ruwan da gefen hannu. Ya wuce sumul, da saurin nan dai. Hannu ɗaya, ruwa ɗaya. Ta nuna mini jiragen gidan guda biyu, itace ɗaya, masassaƙi ɗaya, amma wanda gansakuka ta yi wa gemu a ciki kullum yana baya, wanda aka kankare yana gaba. Ta ce in dubi tarwaɗa, ba ta da ko zare a jikinta, ga santsi.

Shawarar da na ciro a nan ita ce, a cikin kogi ki tsuke, ki zama siririya, kada ki bar wa ruwa abin kamawa, kada kuma ki yi ta dukansa don yana ramawa fiye da yadda aka ba shi. Amma ga inda kaina ke kullewa. In da ruwa ba ya riƙe faɗin filafili, da jirgi bai motsa ba. Riƙon da ke hana jirgi gudu shi ne kuma ke tafiyar da shi. Na yi shekaru ina juya wannan a raina ina tuƙi, ban ga bakin zaren ba. Ki rubuta haka nan, wataƙila ke ki gane.

(Ban gane ba.)

Na uku, taɓo. Muna yankan shinkafa a fadama, ƙafata ta nutse har gwiwa. Na tuna karatun kogi, na haɗe ƙafafu na miƙe sambal, na zama siririya. Sai na ƙara sauka har cinya. Na fizga da ƙarfi, taɓon ya ƙara matse ni kamar mai baki. Wata tsohuwa 'yar Gaya da ke yanka kusa da mu ta ɗago ta ce, "Ke 'yar Tanda, kwanta!"

Na ce, "A cikin taɓon, Iya?"

Ta ce, "A'a, bari a ɗauko miki gadon amarcinki. Kwanta na ce!"

Ta jefo mini damin kara, na kwanta a kai na baje hannuwa. Ta ce in riƙa kaɗa ƙafar kaɗan kaɗan har ruwa ya sami hanyar shiga gefenta. Taɓon ya sake ni don kansa, sai dai ya riƙe mini munduwar ƙafa, tana can har gobe.

To kin ji. A zuma kada ki yi sauri, a kogi kada ki tsaya jira. A ruwa ki tsuke, a taɓo ki baje. Ko iska da ba a ganinta, ranar da na ɗauko tabarma a buɗe hadari yana tasowa, sai da ta kai ni cikin ƙaya, alhali da na naɗe ta da na wuce lafiya. Na so in ba ki magana ɗaya dunƙulalliya, irin wadda iyaye ke ba 'ya'yansu su ɗaure a bakin zane. Duk wadda na ɗauko sai in tuna ranar da ta kayar da ni. Ki yi haƙuri da uwar da aka ba ki.

Yanzu waɗannan littattafan naki da matar mushe ke ara miki. Kada ki ce ban sani ba, na ɗaga tabarmarki na gani. Ban iya karatu ba amma ina da ido. Na ga hoton wani Bature ya fito daga ruwa ɗauke da mace, rigarta doguwa har tana jan ƙasa, gashinta ko jiƙewa bai yi ba. Wanda ya yi hoton nan bai taɓa shiga kogi ba. Da rigar nan, da shi da ita, sai dai a tsince su a ƙasar Nijeriya.

(A labarin tafki ne, ba kogi ba, kuma yana sonta tun suna yara.)

Ga abin da ya kawo duk wannan. Kin san kakanki, Allah ya jiƙansa, yana tsokanarki yana cewa, "Matata, ai mun taɓa wanka tare a kogi, ke kika manta." Kin san kin faɗa ruwa kina jaririya. Yadda aka yi ne ba ki sani ba.

Muna dawowa daga suna a tsallake, da hantsi, ruwa ya cika ya yi ja. Kina bayana a cikin majanyi. Na ɗaura babban zanen saƙina na aure, mai kauri, na ƙulle shi tam don kada ya zame a gaban mutane, saboda tsohon gidan nan yana cikin jirgin, shi da abokansa dattawa. Surukina ne, ko tari ba na yi a gabansa. Mun kusa gaci wani kututture ya bugi jirgin, ya kife.

Na iya iyo, gwaggonki ta koya mini. Na taso, na juyo da ke gaba, na ɗaga kanki sama da hannu ɗaya. Gaci yana nan kusa, ina ganin ciyawarsa. Sai saƙin ya buɗe a cikin ruwa. Ki saurara da kyau, don nan ne mutane ke kuskure. Suna cewa jiƙaƙƙen zane nauyi gare shi. A cikin ruwa ba shi da wani nauyi, wajen wanki da yatsa nake juya shi, sai an ɗago shi sama yake nauyi. Ba ƙasa ya ja ni ba. Faɗinsa ne kogi ya samu ya kama, kamar yadda iska ta kama tabarmar nan. Ni siririya ce, ruwa yana wuce ni, amma zanen ya zama filafili, kogi yana tuƙa ni da shi zuwa tsakiya. Ina harba ƙafa yana naɗe ta.

Na san abin yi. Hannuna ɗaya yana kan ƙullin. Amma na ɗaga ido na ga tsohon ya kama gindin jirgi yana kallona, sai hannun nan, maimakon ya kwance, ya ƙara riƙewa. Ina riƙe da 'yata a hannu ɗaya, ina riƙe da kunyata a ɗayan, kuma wallahi a lokacin ban san wanne zan saki ba. Ruwa ya rufe fuskarki sau ɗaya. Kika fito ba ki yi kuka ba.

Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya yi tsawa har tsallake aka ji. "Saki zanen, 'yar banza! Jikata za ki kashe mini da kunya? Saki!"

Ƙullin ya jiƙe ya ƙi, sai da na sa haƙori. Da ya tafi, kamar wani ƙato ne ya cire hannunsa daga ƙuguna. Ruwan nan dai, gudunsa bai ragu ba, amma na ratsa shi. Na fito da ke daga ni sai fatari. Dattawan nan duk suka juya baya suna kallon ƙasar Dahome da ke tsallake kamar an ce musu ana rabon wani abu a can. Tsohon ya tuɓe rigarsa ya jefo ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Har ya bar duniya bai taɓa tayar da maganar ba, sai wasan nan da yake yi da ke.

Daga ranar na hana ki kogi. Na zaci tsare ki nake yi. Ga shi na tashe ki ba iyo, ga kunya ninkin tawa, kuma gwamnati ta ce ki riƙa tsallake ruwa safe da yamma.

Don haka in za ki shiga jirgi, kada ki ƙulle zane. Ki soke shi kawai, yadda ja ɗaya zai kwance shi. Ki sa fatari mai kauri da riga mai kama jiki. Mayafi ki naɗe shi a cinya. Kuma ko wa ke cikin jirgin, ko mushe ne, ko liman, ko wani mai farin wando da kike sunkuyar da kai in ya wuce, ki saki. Yanzu ina son in ji kin ce to.

(Ban ce ba. Na gwada, na ga kaina a gaban mutanen Tunuga da yaran da zan koyar, sai na mayar da idona kan takarda. Inna ta yi ta tsintar shinkafa, shinkafar da ta riga ta tsince. Can ta ce in rufe alƙalami, gobe a ƙarasa.)

Rubuta. Yau mun dawo daga kogi.

Tunda bakinki ya ƙi, na ce bari in tambayi hannunki. Na sa kin ɗaura sabuwar atamfar da babanki ya sayo miki a kasuwar tsallake don tafiyar nan, na kai ki mawankar mata da hantsi. Na ɗaura miki igiyar guga a ƙugu, na riƙe bakinta, ni da Ta-Dosso maƙwabciyarmu, wadda ƙarfinta ya fi na maza biyu. Matan wanki suka bar wankinsu. Ɗaya ta ce, "Yau kuma 'yar lakkol za a yi wa kamun kifi?" Ta-Dosso ta ce, "Ku matsa, in ta yi nauyi da ku za a raba."

Kika shiga har ƙirji, kina rawar sanyi. Na ce ki ƙara gaba inda ruwa ke gudu. Atamfar ta buɗe, ba kamar saƙi ba, ita sai ta kumbura ta ɗauki iska, ta yi kyau kamar a littafinki, sannan ta jiƙe ta kwanta, kogi ya kama ta. Na ji jan a tafina. Na ce ki saki. Kika waiga wajen Sarkawa masunta da ke gyaran taru can nesa, waɗanda ko kallonmu ba sa yi, kika sa hannu biyu kika riƙe. Ƙafarki ta bar ƙasa. Kanki ya nutse.

Igiya tana hannunmu, na sani. Ta-Dosso tana ja, na sani. Amma ni ba ke na gani ba, jaririyar nan na gani da ba ta yi kuka ba.

(Ta kira ni. Ina cikin ruwa na ji. "Rakiya! Rakiya, saki!" A gaban matan unguwa duka. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, har na yi shakkar ko nawa ne. Ban san lokacin da hannuna ya buɗe ba. Sai kawai na ji an sake ni, ruwan ya koma ruwa, ƙafata ta sami yashi. A littattafan, in an ciro mutum daga ruwa akan yi doguwar magana. Inna mayafinta ta jefo mini tana kallon Dahome.)

Abin da kika ji kamar an kira a kogi, ruwa ne ya shiga kunnenki. Matan nan ma da ke ta guɗa suna cewa yau sun ji abin da ba su taɓa ji ba, duk ruwa ne ya shiga kunnensu. Kada ki rubuta wannan da wata fassara.

Atamfar ta tafi. Mun tsaya muna kallonta tana gangarawa, kuma ƙasa ta yi, wajen Tunuga. Ta riga ki isa. Babanki zan san abin da zan gaya masa. In kin je kika gan ta a jikin matar wani masunci, ki gaishe ta da kyau, kada ki tambaya. Ki ce wa gwaggonki na ce ta koya miki iyo kafin ruwan sanyi ya zo, kuma duk dariyar da za ta yi miki ki jure, ni ma na jure. In kin gane maganar filafilin nan ki aiko mini, a sami mai karantawa.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa matuƙinki mai hankali ne. Allah ya kwantar miki da iska, ya kau da kututture daga hanyarki, ya sa duk abin da kika faɗa ciki ki gane shi da wuri. Allah ya sa kada ranar sakin ta zo, in kuwa ta zo ya buɗe miki hannu. Ya dawo mana da ke kan ƙafarki, ko da zane ko babu. Amin.

Daga mai tsintar shinkafa a gabanki,
uwarki.

(To, Inna.)